Jar Kwalba da Farar Kwalba

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo wai na ajiye Safiyyah a ɗaki na manta da ita, ku yi haƙuri, ba ni na yanka wa takaba kwanaki ba. Yau dai ta cika wata huɗu da kwana goma. Ku kuma masu tsaya wa Yaya Ladi a kowane shafi, ku gyara zama.

*

Tun hantsi tsakar gidan marigayi Rabi'u da ke Gyaɗi-Gyaɗi ta cika da mata. Ana suyar wainar sadaka a ƙofar kicin, maƙwabta na shigowa da sallama, su yi wa mamaci addu'a, sannan su leƙa labule su ga ko matarsa ta shirya. Safiyyah ta yi wanka, an yi mata kitso, ta ɗaura sabuwar atamfa, har kwalli ta zizara, abin da rabonta da shi tun ranar da aka fita da gawar mijinta. Abu ɗaya ya rage ta fito a yi mata barka, wato turare. A kan wannan abu ɗaya aka cinye kusan awa guda, shayin da aka kawo mata har ya yi sanyi a kan tebur.

Kwalabe biyu ne a gaban madubi, kowacce da uwar ɗakinta a tsaye.

Jar ta Yaya Ladi ce, yayar Rabi'u, wadda ta taso daga Unguwa Uku tun ba a buɗe shaguna ba don kada a riga ta. Turaren wardi ne mai kauri, irin wanda yake shiga ɗaki kafin mai shi, ya kuma ƙi fita bayan ta tafi. Masu son sa suna cewa ƙamshin manyan mata ke nan. Waɗanda ba sa son sa kuwa cewa suke kamar an buɗe tsohuwar adakar kaka. Shi Safiyyah ta shafa shekara goma sha tara na aurenta. Kwananta uku da tarewa Yaya Ladi ta shigo ɗakinta, ta shinshina, ta yi atishawa, ta ce wannan abin da take shafawa ciwon kai yake sa wa Rabi'u, ga wanda yake so. Amarya ce a lokacin, kunya ba ta bar ta ta tambayi ango ba. Hannu biyu ta sa ta karɓa, har da godiya.

Farar kuwa ta Husaina ce, ƙanwar Safiyyah uwa ɗaya uba ɗaya, wadda tun tana yarinya ba a taɓa faɗa mata magana ta haɗiye ba. Turaren yasmin ne, shi ne wancan da aka raba Safiyyah da shi tana amarya. Husaina ta taka har kasuwar Tarauni, ta tsaya a kan Malam Junaid mai turare sai da ya tono mata shi daga ƙasan kantar shagonsa. Shi ma ba shi da tsaka-tsaki. Zaƙinsa har maƙogwaro yake kaiwa, a ɗaki ɗaya sai ka ga wata ta lumshe ido, wata kuma tana neman taga.

Yaya Ladi ta ce mace ta gari ranar da ta fita takaba da ƙamshin da mijinta ya san ta da shi take fitowa, don jama'a su shaida ba ta gaji da shi ba. Husaina ta ce a nuna mata littafin da aka rubuta haka. Yaya Ladi ta ce ba komai ne sai an rubuta ba, akwai abin da ake kira kara, in a gidansu ba a koya musu ba. Husaina ta ce karar shekara goma sha tara ai ta isa ko da ta gwamnati ce, a bar baiwar Allah ta yi ritaya. Haka suka yi ta yi, wannan ta ɗaga tata kwalbar, waccan ta ɗaga tata.

Ita kuwa mai wuyan da za a shafa wa turaren, tana zaune a bakin gado, babu wadda ta tambaye ta. Ranta ya ɓaci matuƙa. Allah ya sani ta yi kukan Rabi'u har hawayenta ya ƙafe, kuma har yau in ta ji ƙarar mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabanta ya faɗi. Amma ta yi zaton yau za ta samu ta fito ta sha iska, ta ci waina da zafinta, a yi mata addu'a kowa ya kama gabansa.

Da turare ne kawai, da tuni ta rufe ido ta ɗauki ɗaya. Sai dai duk su ukun sun san maganar Zahra'u ake yi, ko da yake ba wadda ta kama sunanta. Allah bai ba Safiyyah haihuwa ba. Zahra'u autar Yaya Ladi ce, ana yaye ta aka kawo wa Rabi'u riƙo, yau shekararta goma sha biyu. Safiyyah ce ta goya ta, ita ta yi jinyar haƙorinta, ita ta riƙe hannunta zuwa firamaren da take koyarwa a Babban Giji. Yarinyar Umma take ce mata, wadda ta haife ta kuwa Gwaggo. Tun ranar sadakar arba'in Yaya Ladi ta fara jefa magana cewa wanda aka ba wa riƙon ai ya tafi, sai a ga yadda zama zai kasance. Safiyyah ba ta da abin da take tsoro a duniya kamar ranar da za a ce yarinyar nan ta ɗauko jakarta.

"Safiyyah, ke ake jira," in ji Yaya Ladi. "Mata sun cika waje."

"Yaya, da ma a bar turaren nan. In fita haka."

Nan ne kaɗai bakinsu ya zo ɗaya tun safe. Yaya Ladi ta ce fita babu turare ai kamar ba a fita takabar ba ne. Husaina ta ce so take a ce danginta sun kasa saya mata ko ɗan tola guda. Safiyyah ta ce to a ɗiga kowanne kaɗan, a huta. Husaina ta ce in aka haɗa waɗannan biyun a jiki ɗaya ko sauro ba zai kwana a Tarauni ba, Yaya Ladi kuma ta ce ita ba a haɗa mata wardinta da tarkace.

Safiyyah ta dafe kai. Ta yi shekara ashirin tana raba faɗan 'yan aji uku, ba ta taɓa gajiya irin ta yau ba.

Husaina ta dube ta ta ce, "Anti, ki faɗa mata gaskiya mana. Ki ce mata duk ranar da kika shafa jar nan sai kin sha maganin ciwon kai."

Safiyyah ta watsa mata harara, amma magana ta riga ta fita. Gaskiya ce kuwa. Wardin nan bayan idonta na hagu yake kama mata, ya yi ta sara har la'asar. Husaina kaɗai ta taɓa faɗa wa, ita ma bisa alkawarin ba za ta kai gaba ba, ga shi yau ta kai har gaban wadda bai kamata ba.

Yaya Ladi ta riƙe haɓa. "Ciwon kai? Shekara goma sha tara ba mu ji ba, sai da ƙasa ta rufe masa ido?"

"Yaya, ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Ni ba yarinya ba ce, na san inda aka dosa. Yau farar kwalba, gobe masu sallama a ƙofar gida. Ni kuwa ba zan bar 'yata a gidan da ake sallama da uwar riƙonta ba."

To, ga ta nan an faɗe ta a fili. Husaina ta zaburo za ta yi magana, Safiyyah ta riƙe mata gefen mayafi. Ana cikin haka ƙauri ya shigo ta labule. Hasana maƙwabciya, wadda aka bar wa tanda, ta shagala da sauraren abin da ake yi a ɗaki ta manta da abin da ke gabanta. Yaya Ladi, da yake ba a yin ɓarna a gabanta ta yi shiru ko da tana tsakiyar wani faɗan, ta ɗaga labule ta leƙa.

"Hasana, wainar nan ƙonewa take yi. Ku duk gidan nan hancinku ya mutu ne irin na Rabi'u?"

Ta saki labule ta juyo za ta ɗora daga inda ta tsaya. Sai ta tarar da ido huɗu a kanta.

"Yaya, me kika ce?" in ji Safiyyah.

"Na ce waina tana ƙonewa."

"Bayan shi."

Yaya Ladi ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalin da babu abin da ya same shi. Ta ce magana ce kawai irin ta baki, kada a mayar da ita wani abu, mutane na jira a waje. Amma Safiyyah ba ta ƙara jin ta ba. Abubuwa ne suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya, ba ta kira su ba.

Ranar da shinkafa ta kama mata har ƙauri ya kai gidan su Hasana, Rabi'u ya shigo da fara'arsa bai ce komai ba. Ranar da ɓera ya mutu a bayan wadirof, ita har amai ta yi, shi kuwa a gefen wadirof ɗin yake kwana, yana ta minsharinsa. Ranar da ta dawo daga makaranta ta tarar gas yana zuba, shi yana falo yana jin rediyo, ya ce mura ce ta toshe shi. Duk sanda ya sayo nama ko nono sai ya miƙo mata ya ce ke ce malama, duba min. Ita kuwa sai ta je ɗakin malamai tana ba da labari wai mijinta ya fi kowa haƙuri a Kano.

Sai kuma Juma'a. Duk Juma'a in ta yi kwalliya zai tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kin yi ƙamshi, Malama." Yanzu ta tuna cewa kafin ya faɗa sai ya saci kallon gaban madubi. Akwai ma wata Juma'a da ba ta shafa ba, goge madubin kawai ta yi ta matsar da kwalbar gefe, ya shigo ya faɗi maganarsa kamar kullum. A lokacin ta ɗauka wanda ya kama kayanta ne ya ji.

"Ba ya jin ƙamshi," in ji Safiyyah. Ba tambaya take yi ba.

Yaya Ladi ta kau da kai.

"Yaya, Baban Zahra'u ba ya jin ƙamshi. Tun yaushe?"

Da Yaya Ladi ta ga babu hanyar fita, sai ta faɗa a gajarce, tana kallon bango. Ƙyanda ce ta kama shi yana da shekara tara, can a ƙauyensu. Ya tashi da ransa, amma hancin bai dawo ba, ba ƙamshi ba wari. Ita ta hana shi faɗa wa kowa. Da farko don kada yara su mayar da shi abin tsokana, daga baya kuma da ya samu aikin tuƙi ta ce wa zai ba da motarsa ga direban da wayar mota za ta ƙone bai ji ba. Ya saba da ɓoyewa har ta zame masa jiki.

"To ciwon kan da kika ce turarena yana sa masa fa?"

"Ni yake sa wa," in ji Yaya Ladi. "Atishawa yake sa ni, idona ya yi ta ruwa."

Husaina ta tafa hannu ta yi salati a hankali, ta nemi kujera ta zauna.

Safiyyah tana da sauran tambaya ɗaya, kuma tana tsoron amsarta. "Shi fa? Ya san abin da kika faɗa min?"

Yaya Ladi ta sunkuyar da kai. "Shi ce masa na yi ke kike son sa."

Wata dariya ta kuɓuce wa Safiyyah, wadda ba ta daɗi ba. Duk jajiberin Sallah Rabi'u zai ɗauki tsohuwar jar kwalba ya sa a aljihu, ya tafi wurin Malam Junaid, wai don kada a canja masa. Ashe ba shi da wata hanyar ganewa sai kwalbar. Zai dawo yana washe baki ya ajiye mata sabuwa, ita kuma ta rusuna ta ce Allah ya ƙara buɗi, ta juya ta nemi maganin ciwon kai. Shi yana saye don ya faranta mata, ita tana shafawa don ta faranta masa. Manya biyu da hankalinsu, ɗaki ɗaya, shekara goma sha tara, babu wanda ya buɗe baki ya tambayi ɗan'uwansa.

Haushi ya turnuƙe ta, ta rasa wa za ta fara ba wa. Ta ji haushin Yaya Ladi. Ta ji haushin kanta da wannan kunyar da aka yi ta yabonta da ita. Ta ji haushin Rabi'u fiye da kowa, mutumin da yake ba ta labarin komai, har faɗan da ya yi da mai faci a hanyar Zariya, amma ya ɓoye mata hancinsa. Da yana nan da yau ya ga ɓacin ranta, da ta yi kwana uku ba ta ce masa ci kanka ba. Ga shi ya tafi inda ba za ta iya yi masa fushi ya gani ba, wannan kuwa shi ya fi komai ƙona mata rai.

"Don me, Yaya? Me na yi miki?"

A karo na farko tun da ta zo gidan yau, Yaya Ladi ta zauna. Ta ɗauki jar kwalbar tana juya ta a hannu. Ta ce turaren Innarsu ne. Wani kawunsu ya kawo mata tsarabar Makka, take ɗigawa ranar Juma'a kawai don kada ya ƙare. A shekarar ƙyandar nan Inna ta rasu, ta bar Ladi tana da shekara goma sha biyar da ƙane a hannu. Bayan ta yi aure ta zo birni, wata rana tana wucewa ta layin masu turare ta ji shi, sai da ta dafa bango.

Husaina ta ce to me ya hana ta shafa abinta.

"Na shafa. Wanda ke jikinka ba ka jin sa, minti biyar ya ɓace maka. Sai a jikin wani." Muryarta ta yi ƙasa. "In na yi sallama a gidan nan kika fito kika tare ni, Inna nake ji. Nan kaɗai ya rage min."

Ana jin Hasana tana kankare tanda a waje. Tausayi ya kama Safiyyah, sai kuma ta ji haushin tausayin. Wato ita aka zalunta, ita kuma za ta yi lallashi.

"Da kin roƙe ni, Yaya, da na shafa miki duk ranar da za ki zo. Sau biyu kike zuwa a wata. Ni kuwa kullum nake shafawa."

Da za a bar maganar a nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma Yaya Ladi ba irin matan da ake ganin hawayensu a tafi da labari ba ce, balle a gaban Husaina. Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙe, fuskar nan ta koma yadda ta zo da ita. Ta ce abin da ya wuce ya wuce, shi mai hancin ma ya tafi. Matan da ke waje ba su san wannan zance ba, abin da suka sani shi ne matar Rabi'u da wardi aka san ta. In ta fito da wani ƙamshi yau, kafin azahar labari ya kai Unguwa Uku cewa da ma jira take.

Ta dangwarar da jar kwalbar a gaban madubi.

"Ki shafa wannan, yarinya ta zauna. Ki shafa waccan, ta bi ni yau. Na gama magana."

Husaina ta buɗe baki, Safiyyah ta ɗaga mata hannu. Ta tashi ta isa gaban madubin. Jar ta ɗauka. Mene ne ciwon kai a kan Zahra'u? Ta sha shi shekara goma sha tara saboda mutumin da bai ma san tana yi ba, sai ta kasa sha saboda yarinyar da take kwana a bayanta? Ta murɗe murfin. Ƙamshin ya taso, nan take bayan idonta na hagu ya amsa.

Ta tsaya da kwalbar a hannu tana kallon Yaya Ladi ta cikin madubi. Matar nan yanzu aka kama ta da ƙaryar shekara goma sha tara, ko a yi haƙuri ba ta ce ba, ga ta kuma tana gindaya sharaɗi. In ta shafa yau, gobe kuma mene ne? Ranar da za ta koma makaranta a ce in ta fita yarinya ta bi uwarta. Ranar da za ta je gidansu a ce haka. Za a rataye mata Zahra'u a wuya a yi ta ja har tsufanta.

Ta mayar da murfin ta ajiye.

"Da can don shi nake shafawa, Yaya, ko da ban san ba ya ji ba. Ba zan shafa don tsoro ba."

Ta ɗauki farar. Ta ɗiga a wuya, ta ɗiga a bayan kunne, ta murza a tafin hannu. Ƙamshin da rabonta da shi tun tana budurwa ya cika ɗakin, ta ja shi har cikin ƙirjinta, idonta ya kawo ruwa. Ta ɗaga labule ta fita.

Tsakar gida ta rabu biyu kamar yadda aka saba da turaren nan. Wasu suka ce masha Allah, barka da fita, Allah ya jiƙan Malam Rabi'u. Wasu suka ja mayafi suka rufe hanci suna kallon juna. Yaya Ladi ta fito a bayanta, ta yi atishawa sau uku a jere, ta ce wa Hasana ta leƙa titi ta tsayar mata da adaidaita.

Zahra'u tana zaune a dokin ƙofar ɗakin, kusa da takalman baƙi, da farantin waina a cinyarta ba ta taɓa ba. Kallo ɗaya Safiyyah ta yi mata ta san babu abin da ya wuce kunnenta. Labule ai ba bango ba ne.

"Zahra'u, shiga ki haɗo kayanki," in ji Yaya Ladi.

Yarinyar ta dubi Safiyyah. Duk ƙarfin halin da Safiyyah ta fito da shi ya zube a wurin, ta yi nadama tun turaren bai bushe a wuyanta ba. Ta so ta ce a kawo ruwa da sabulu ta wanke, a miƙo mata jar ta yi wanka da ita in ana so. Amma mata sun fi ashirin suna kallo, kuma ta san Yaya Ladi ba ta janye magana a gaban jama'a. Zahra'u ta ajiye farantin ta shige ɗaki.

Wata dattijuwa ta fara ba Yaya Ladi baki, ta ce yau ranar addu'a ce ba ranar raba uwa da 'ya ba. Yaya Ladi ta ce ita ce uwar, ko akwai mai musu? Mai adaidaita ya iso ya fara danna hon a ƙofar gida. Husaina ta zo ta tsaya kusa da yayarta, yau dai bakinta ya mutu, sai cewa take Anti ki yafe min, ni na jawo. Safiyyah ba ta ko dube ta ba, labulen kawai take kallo.

Yarinyar ta daɗe. Yaya Ladi ta ƙwala mata kira sau biyu.

Ƙamshin ne ya fara fitowa kafin ita. Matan da ke kusa da ƙofa suka ja da baya, har masu cewa masha Allah ɗazu suka kama tari. Zahra'u ta fito da jakar makarantarta a kafaɗa, hijabinta ya jiƙe sharkaf daga wuya har ƙirji, maiƙon turare yana naso. Ta cikin labulen da ta ɗaga Safiyyah ta hango farar kwalba a kwance a gaban madubi, ko ɗigo babu.

Yaya Ladi ta cafki hannunta, atishawa ta sarƙe ta. Ta sake yi, ta sake, hawaye na zuba, hanci na zuba, ta rasa da wane hannu za ta goge.

"Na shirya, Gwaggo," in ji Zahra'u. "Kayan cikin jakar ma duk na zuba musu."

"Ke, don ubanki..."

Yarinyar ta buɗe ɗaya hannun. Jar kwalba ce a ciki.

"In kin tafi da ni, wannan na jikina za ki yi ta ji, in ya ƙare in nemo wani. In kin bar ni wurin Ummata, duk Juma'a zan shafa na Innarki in zo har Unguwa Uku in gaishe ki. Ni ba ya sa min ciwon kai."

Safiyyah ta toshe bakinta da tafin hannu, ba ta san sanda hawaye ya wanke kwallin da ta yi wata huɗu tana jira ba. Mai adaidaita ya sake danna hon, ya leƙo ta zaure yana tambaya ko za a tafi ne ko ya kama gabansa.

Yaya Ladi ta dubi jar kwalbar, ta dubi 'yarta, ta dubi Safiyyah. Ta buɗe baki za ta yi magana, atishawa ta riga ta.

Hannunta dai bai saki na yarinyar ba.